Sunan da Inna Ba Ta Kamawa

A makarantar mishan da aka horar da mu aikin malanta, darasin farko shi ne kwafa. Baturiyar da ke koya mana takan cika allo da rubutu, mu kwafe, sa'an nan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da jan alƙalami. Wadda ta tsallake kalma takan sha faɗa. Wadda kuwa ta ƙara kalma daga kanta, wai don maganar ta fi daɗi, ita ake tsayarwa a gaban aji, domin a wurin Baturiyar nan mantuwa rauni ce, ƙari kuwa ƙarya ne. Da wannan horo na yi aikina har na shugabanci makarantar firamare a nan Tudun Wada, da shi na yi ritaya, kuma har yau ban ga dalilin sassauta shi ba.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na maƙwabciyata. Musulma ce, ta girme ni da 'yan shekaru, duk unguwa Inna ake ce mata, ni ma haka nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama. Da Kirsimeti nakan aika mata da shinkafa da miya, da Babbar Salla ta aiko mini da nama. Mace ce mai raha. Takan gaya wa baƙi cewa ko tsintsiya ce ta jingina a karkace a gidana sai na sa ta durƙusa ta ɗaga hannu. Ban taɓa musa mata ba, don na san akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Abu ɗaya ne muka yi shekara da shekaru ba mu taɓa shi ba. Ɗanta na fari ɗalibina ne, a farkon shekarun aikina. A lokacin yana hannun kakarsa ta wajen uba a nan unguwar, iyayensa kuwa suna wani gari a kudu inda uban yake aikin jirgin ƙasa. Ya tafi wurinsu hutu, yaƙi ya same shi a can. Aka koma makaranta, wurinsa a benci ya zauna babu kowa. Daga baya iyayen suka dawo gida ba tare da shi ba. Tun daga nan ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, kamar yadda ba ta kama shi ba yana raye. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da. Idan magana ta tilasta mata, sai ta ce “na tsohuwa”, tana nufin na kakarsa.

Mu 'yan mishan an raba mu da wannan al'ada tun da wuri. Ni da cikakken sunansa na baftisma nake kiran ɗana na fari, surukata kuwa har ta koma ga Ubangiji ba ta daina kau da kai ba in ta ji. Saboda haka kada a ɗauka ni mai tsaron al'adar ce. Abin da ya sa na shiga maganar dabam ne.

Wata Asabar a farkon damina, jikar tsohon katikis, wato malamin cocinmu, ta zo gaishe ni. Yarinya ce mai ƙwazo, tana koyar da wasan kwaikwayo a wata kwaleji. Ta ce ita da ɗalibanta suna so su tattara bayanan tsofaffin da suka ga ta'asar lokacin yaƙi da idonsu, su mayar da su wasa, a nuna wa jama'a a babban ɗakin taro na tsohuwar makarantata. Za a ji bakin waɗanda aka kashe musu 'yan'uwa a can kudu, a kuma ji na waɗanda aka kashe musu a nan garin, a hannun mutanenmu. Kowane mamaci za a rataya masa zane rinanne da shuni, a ɗinka sunansa a jiki. Abin da take nema a wurina shi ne in riƙa raka su, domin tsofaffi ba za su buɗe wa yara baki ba sai sun ga furfura a tare da su.

Na ce na yarda, bisa sharaɗi guda. Abin da mutum ya faɗa shi za a maimaita, ba ragi, ba ƙari.

Ta yi dariya. “Mama, wasa ne fa, ba kotu ba.”

“In wasa ne, ku ƙago mutanenku ku sa musu abin da kuke so a baki,” na ce mata. “Waɗannan da ransu, kuma za su zauna su kalle ku.”

Ban zaci Inna za ta amsa ba. Na gaya mata ne don kada ta ji a bakin wani, sai kawai ta ce mu zo bayan azahar. Muka same ta a tsakar gida a kan tabarma, da faifai a cinya, tana tsince wake. Yarinyar ta ajiye wayarta a gefe tana ɗaukar murya. Inna ba ta bar aikinta ba, ba ta kuma ɗago kai ba.

“Da abin ya tsananta,” in ji ta, “mai gidan ya samo mana wuri a wata babbar mota, shi ya tsaya sai an sallame su daga aiki. Ni da goyo, da na tsohuwa. Muka yi ta tafiya har muka kai wata gada. Sai ga mutane da bindigogi, wasu da kaki, wasu babu. Aka ce maza su sauka. Na tsohuwa kuwa ya yi tsawo, tsawon gidansu ne, duk haka suke kamar gwangwala. Wani ya nuna shi da bakin bindiga. Na ce, yaron makaranta ne. Ban sani ba ko yana jin Hausa. Buta ce a hannun yaron, ta ruwan shanmu. Ya miƙo mini, ya ce, Yaya, riƙe, don haka yake kirana. Na karɓa. Aka gangara da su bakin ruwa. Muka ji abin da muka ji. Direba ya ja mota.”

Ta tsamo wata 'yar tsakuwa daga cikin waken, ta duba ta, ta jefar.

Yarinyar ta jira, da ta ga babu ƙari sai ta ce, “Inna, wane ne na tsohuwa?”

Inna ta dube ni. Na ce ɗanta ne na fari.

“Allah sarki. Inna, yaya sunansa?”

“Malama,” in ji Inna, “'yar nan taku ko ruwa ba ta sha ba tun da ta zo.”

A hanya yarinyar ta yi ta juya maganar. Ta ce 'yan zamani ba za su gane ba, za su ce wace irin uwa ce wannan da za a tafi da ɗanta ta tsaya karɓar buta. Na ce mata ba aikinta ba ne ta gyara uwar mutane, ta kwafa abin da ke allo.

Bayan haka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, aka yi ta gwajin wasan ba na nan. Da na warware, aka gayyaci tsofaffin da suka ba da bayani su zo su ga abin da aka shirya kafin a nuna wa jama'a. Na zauna kusa da Inna a bencin gaba. Wadda aka ba wa matsayin Inna wata ɗaliba ce 'yar unguwar Tudun Jukun, kyakkyawa, mai murya kamar ƙararrawa. Gaskiya ta iya. Da aka kai wurin gada sai ta yi jifa da butar, ta cire ɗankwali, ta faɗi ƙasa tana birgima, tana ihu, “Ɗana! Ɗana! Ku bar mini ɗana, ku kashe ni!” Wasu daga cikin tsofaffin suka fashe da kuka. Wani dattijo ma har ya tafa.

Inna ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta.

“Sannunku da ƙoƙari,” ta ce. “Allah ya ba da sa'a. Amma a cire nawa. Wannan matar ban san ta ba.”

Ta fita, ba ta jira na raka ta ba.

Na sa aka sallami ɗaliban, na tsayar da malamarsu. Ban ɗaga murya ba, domin ban taɓa bukatar haka ba. Na tambaye ta a ina ta samo birgimar.

“Mama, abin da ke cikin zuciyarta muka fito da shi.”

“Wa ya buɗe miki zuciyar? Ke da aka ba ki baki, kika wuce ciki ba sallama.”

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta ja da baya ba, kuma na yaba mata da hakan. Ta ce to, ta ji, birgima kuskure ce. Amma in duba bangon. Na duba. Zannuwan shuni sun jeru, kowanne da suna da farin zare, sai guda ɗaya a ƙarshe babu komai a jikinsa. Ta ce idan Inna ta janye, za a sauke wannan zanen, a tuna da kowa ban da yaron nan, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

“Ke kin san sunan, Mama. Ki ba mu kawai.”

“Na sani,” na ce. “Amma ba nawa ba ne da zan bayar.”

Maganarta dai ta bi ni gida, domin gaskiya ce. Ban taɓa jure ganin gurbi a jeri ba.

Washegari da hantsi na zaga gidan Inna. Muka gaisa, muka tambayi ƙafa da baya, muka yi tir da tsadar gawayi. Sa'an nan na ba ta haƙuri a madadin yaran, na ce laifin rashin sani ne. Ta ce ta sani, ba ta riƙe su ba. Na ɗauka an rufe maganar, sai ta ci gaba.

“Malama, a gadar nan sun karɓi abin da suka karɓa. Abu ɗaya ne ba su karɓe ba. Na tsaya masa yadda uwa take tsayawa a gidanmu. Shi ma ya gane, shi ya sa bai kama mini zane ba, buta ya miƙo mini kamar babban mutum. Yanzu da tsufana a nuna wa jikokina ina birgima a ƙasa ba ɗankwali? A ce haka ya gan ni a ƙarshe?”

Na ce ba za a nuna ba, ina raye.

“To amma ga wani abu,” ta ce. “Tsohuwa ta tafi. Mai gidan ya tafi. Wadda na goya ran nan ba ta san fuskarsa ba, ƙannenta kuwa sai labari. Duk salla ina sa shi a addu'a, Allah ya san wanda nake nufi, ba sai na faɗa ba. Amma mutane fa? Jiya na ga zanen nan babu rubutu, na kasa cin tuwo. In na tafi, ya tafi ke nan.”

Sai na ga inda ta tsaya. Tana son a ji sunan a bainar jama'a kafin ta bar duniya, bakinta kuma ba zai iya ba, ba ta kuma yarda a saya mata hakan da mutuncinta ba.

Na ce, “Inna, uwa ce take kunyar ɗan fari. Malamar aji ba ta kunyar kowa. Kowace safiya sai na kira shi, shi da sunan ubansa, ya amsa.”

Ta dubi bakin murhu.

“Sau ɗaya,” ta ce. “Da baki, ba a rubuce ba. Kada a ɗinka shi a zane a yi ta nuna mini. Kuma ki bari sai na kai bakin ƙofa.”

“Yarinyar da ta yi birgimar fa?” na ce.

“Ki koya mata zama. In kin iya gyara tsintsiya, ai kya iya gyara mutum.”

Daga ranar ɗalibar nan ta riƙa zuwa gidana da yamma. Na shimfiɗa mata tabarma, na ɗora mata faifai da wake, na sa malamarta ta kunna muryar Inna, mu saurara, ta maimaita. In ta ja wata kalma don ta sa tausayi, sai in ce a sake. In muryarta ta yi rawa, a sake. Hannunta ma sai da na gyara, domin tana tsintar waken kamar mai zaɓen 'yan kunne a kasuwa.

“Mama, wallahi kuka ya fi wannan sauƙi,” ta ce wata rana. “In na zo wurin buta sai in ji kuka ya taso mini.”

“In kin ji haka, ki nemi tsakuwa. Akwai ta a ciki, ni na zuba.”

Da ta fara kamawa, na kai ta ta gaida Inna, ta durƙusa ta nemi gafara. Inna ta kama haɓarta ta juya fuskar hagu da dama.

“Ke ce ni? To madalla. Mai gidan bai yi sa'ar ganina da wannan hancin ba.”

Ranar taron an yi ruwa da rana, ya ɗauke kafin la'asar. Ɗakin ya cika har tagogi. Ga mutanen coci, ga malamai da 'yan kasuwa daga birni, ga wasu masu shaguna daga unguwar Kwangila waɗanda iyayensu suka gudu daga garin nan a wancan lokaci, suka dawo bayan an yi sulhu. Na lura an jera bencuna a karkace, na sa aka daidaita su kafin a fara. Aka bi bayanan ɗaya bayan ɗaya. Na wani tela da ya ɓoye a rufin ɗakin maƙwabcinsa yana jin abin da ake yi wa ƙannensa a waje. Na wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Bayan kowanne, a karanta sunan da ke jikin zane. Akwai masu kuka a cikin bayanan, kuma an bar musu kukansu, domin su da kuka suka faɗa.

Na Inna ne ya zo a ƙarshe. Ɗalibar ta fito da faifai, ta zauna, ta faɗi maganar kamar yadda aka faɗa mata. Wuri ɗaya ta kuskure. Da ta ce “Yaya, riƙe” ta ɗago kai ta dubi jama'a, abin da Inna ba ta yi ba, na kuma gaya mata daga baya. Amma ta nemi tsakuwarta ta samu, ta jefar, har muka ji faɗuwarta a kan siminti, don ɗakin ya yi tsit. Babu wanda ya tafa. Wata mata a bayana, sa'ar 'yata, ta ce a hankali, “Haka kakata take.”

Sai Inna ta tashi daga gefena. Ta bi ta tsakiyar bencuna da sandarta, ba gaggawa, mutane suna janye ƙafa. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta ba ɗakin baya, kamar mai duba ko hadari zai dawo.

Na miƙe, na tsaya kusa da zanen da babu rubutu, na haɗa hannuwana a gaba yadda aka koya mana. Na ce wannan yaro ɗalibina ne, a ajin da ke bayan wannan bangon. Na kira sunansa da na ubansa, sau ɗaya, da muryar kiran suna ta safe. Ba zan rubuta shi a nan ba, izinin da aka ba ni bai kai nan ba.

Na saba idan na kira suna in ɗan dakata, kuma na dakata. Can daga baya wani dattijo mai farin gemu ya yunƙura ya tashi. Tsohon direba ne, ban gane shi ba sai da ya yi magana.

“Malama, benci ɗaya muke da shi. Shi ne yake ba ni amsar lissafi, kina dukana ni kaɗai. Allah ya jiƙansa.”

Aka ɗan yi dariya, irin wadda take fita tare da hawaye, sa'an nan ɗakin ya ɗauki amin, na coci da na masallaci a haɗe. Na ji sunan yana bi daga benci zuwa benci, masu tambaya suna tambaya, waɗanda suka ji suna maimaita musu. Jikokin Inna suna cikinsu. Ita kuwa ba ta juyo ba. Ta gyara mayafi ta sauka daga matakala.

Na same ta a hanya, muka taho tare muna kauce wa kwatami. Da muka zo daidai ƙofar gidana sai ta tsaya.

“Ashe har yanzu muryarki tana kaiwa bayan aji,” ta ce.

Na ce da sauranta.

Ta dogara da sandarta, tana kallon ƙasa. “Malama, na tsohuwa ɗin nan. Yana gane karatu kuwa?”

Duk zamanmu ba ta taɓa tambaya ba, kuma na san babu wanda ya rage da za ta tambaya sai ni. Na ga kuma bai kamata in ba ta abin da ya wuce gaskiya ba, ita da ta tashi daga benci saboda ƙari.

“A lissafi babu na biyunsa a ajin,” na ce. “Karatu yana yi ba tangarɗa. Ba ya ƙarya, ba ya cin zalin ƙanana. Amma yana makara, kuma rubutunsa ba shi da kyau ko kaɗan. Na yi iyakar ƙoƙarina, bai gyaru ba.”

Sai ta yi dariya har sandar tana rawa a hannunta.

“Na ubansa ne,” ta ce. “Shi ma in ya aiko da wasiƙa, sai an tara unguwa kafin a karanta.”

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce in shiga kada sanyin ruwa ya tayar mini da zazzaɓi. Da safe ta miƙo mini kwanon dafaffen wake ta kan katanga. Na ci shi duka, ban tauna tsakuwa ko ɗaya ba.